An Gyara Kafireta Amma Inji Ya Ƙi Shan Mai: Inda Matsalar Ke Ɓuya a Tsohon Injin Yankan Itace

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san yadda damina ke shigowa. Kafin ruwa ya sauka sai iska ta fara nata aikin, ta yaye kwano, ta karya rassa, wani lokaci ta tumɓuke bishiya da saiwarta. A irin wannan dare ne wata tsohuwar dalbejiya ta kwanta a kan katangar gidan kawuna a Rigasa, ta tare ƙofar shiga. Kawu yana da injin yankan itace, tsoho ne, ya haura shekara 20 a hannunsa, amma tun damunar bara ba a tayar da shi ba. Aka yi ta jan igiya har hannu ya yi tsami, shiru. Aka kai wa yaron da ke gyaran janareta a bakin layi, ya ce kafireta ce. Aka sayo sabon kit, ya kwance ta, ya wanke, ya sauya kayan ciki, ya ɗaure. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya sake kwancewa. Sau uku ana buɗe kafiretar nan cikin kwana biyu, dalbejiya tana nan kwance inda take.

Abin da ya sami Kawu yana samun masu irin wannan inji da yawa, daga masu tsaga katako a ƙauyukan Kachia da Kajuru har zuwa masu rage rassan bishiya a gidajen Unguwar Rimi da Malali. Magana ɗaya nake so in tsaya a kanta: kafireta zango ɗaya ce kawai a hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa kan fistan. Idan an sauya mata kaya kuma inji bai daidaita ba, to ko dai an yi kuskure wajen ɗaure ta, ko kuma tun farko ba ita ce mai laifin ba, an bar jaki ana dukan taiki. Murɗa kusoshin saiti ba ya maganin ko ɗaya daga ciki. Abin da ya fi damuna ma shi ne, yakan ɓoye ciwon na ɗan lokaci har sai injin ya buga.

Yadda mai ke hawa ba tare da kofi ba

Yawancin makanikanmu a kan babur da janareta suka koyi kafireta, kuma sun iya ta. A can tanki yana sama, mai yana gangarowa da nauyinsa ya cika ɗan kofin da ke ƙasan kafireta, fulot ya taso ya rufe allura. Injin yankan itace ba zai rayu da wannan tsari ba, domin a karkace yake aiki: yanzu a tsaye, an jima a kwance a gefe, wani lokaci ma kai ƙasa a saman bishiya. Da yana da kofi, da mai ya zube ko ya yanke. Shi ya sa kamfanonin da suka shahara wajen ƙera irin wannan kafireta, wato Walbro da Zama da Tillotson, suka sa mata famfo a cikin cikinta. Ko injin Stihl na Jamus ne a hannunka, ko Husqvarna na Suwidin, ko kwaikwayonsu da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, idan ka buɗe galibi ɗaya daga cikin ukun nan za ka tarar, ko wadda aka ƙera a kamanninsu.

Famfon ba wani ƙarfe ba ne mai juyawa. 'Yar fata ce siririya, makanikai suna ce mata dayafiram, tana da ƙananan harsuna biyu masu aikin bawul: ɗaya ya bar mai ya shigo, ɗayan ya bar shi ya wuce gaba, babu mai barinsa ya koma baya. To wa ke motsa fatar? Injin da kansa. Duk lokacin da fistan ya hau sama, ɗakin da karanshaf ke juyawa a ciki yana zuƙar iska. Idan ya sauko kuma sai ya matse ta. Wannan zuƙa da hurawa ita ake janyowa ta wata 'yar hanya zuwa bayan fatar, sai ta riƙa bugawa kamar zuciya. A wasu injina hanyar ɗan tiyo ne na roba, a wasu kuma rami ne da bai wuce kaurin tsinken ashana ba, wanda ya ratsa mazaunin kafireta da gaskit ɗinsa. Ni hanyar numfashi nake kiranta. A riƙe ta a rai, za mu dawo kanta.

Daga famfo mai ba ya faɗawa inji kai tsaye. Yana ratsa wata 'yar raga, ya tsaya a bakin allura. Allurar tana rufe da ƙarfin ɗan sifirin, ta hannun wani ɗan ƙarfe mai kama da sikeli da ake ce wa liba. A kan libar akwai fata ta biyu, mai aunawa. Idan inji ya zuƙi mai daga ɗakin da ke ƙarƙashinta, iskar waje ta danna fatar ciki, fatar ta danna liba, liba ta ɗaga allura, mai ya shigo daidai wanda aka sha, sai allura ta koma ta rufe. Daga nan kusoshi biyu ke rabon man: mai alamar L ta silo ce da farkon totur, mai alamar H ta cikakken gudu. Ta ukun, wadda ake rubuta wa LA ko T, ba ta auna mai ko kaɗan, bakin totur kawai take ɗan buɗewa.

Wanda ya fahimci wannan ya san cewa kafireta mai sabbin kaya za ta iya zama a bushe har abada idan numfashin inji bai iso mata ba, ko kuma idan abin da take zuƙowa daga tanki iska ce.

A fara da tambayar fulogi

Rana ta uku muka ɗauki injin zuwa Panteka, wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran irinsu. Ko kallon kafiretar bai yi ba. Ya ce da Kawu, “Alhaji, kafin mu buɗe komai bari mu tambayi fulogi.” Ya rufe cok, ya ja igiya sau biyar, ya cire fulogin ya nuna mana: a bushe ƙamas. Sai ya mayar, ya ɗiga ɗan haɗaɗɗen mai, wato fetur da aka gauraya da man shafawa na 2T, bai kai rabin murfin gora ba, a maƙogwaron kafireta, ya ja. Inji ya tashi da ƙara, ya yi daƙiƙa biyu ko uku, ya mutu.

Wannan gwaji bai ci minti biyar ba, amma ya raba gardama. Tunda inji ya kama da man da aka ɗiga masa, wuta tana nan, matsin fistan ma yana nan daidai gwargwado; mai ne ba ya zuwa. Da fulogin ya fito jagab yana warin fetur, da labarin daban ne: mai ya yi yawa, inji yana obafulo, kuma a cikin kafireta za a nemi dalili. Da kuma an ɗiga man bai ko yi tari ba, to a bar maganar mai gaba ɗaya, a koma kan wuta da ringi. Hanyoyi uku ne mabambanta, kuma wanda bai tantance wacce yake kai ba zai yi ta sayen kaya yana asarar kuɗi. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: man da za a ɗiga ya zama haɗaɗɗe, ba tsuran fetur ba, kuma kada a mai da ɗigawar hanyar riƙe inji a kunne.

Tanki da abin da ke cikinsa

Man da kansa shi ne na farko. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba wanda ke son zubar da ragowar mai, ko da rabin lita ne, don haka sai a bar shi a tanki wata da watanni. Fetur da ya daɗe yana rasa ɓangarensa mai saurin kamawa, ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro wanda ke liƙe raga da ƙananan ramuka. Idan aka wanke kafireta tas aka ɗaura ta a kan tankin da ke da wannan tsohon mai, cikin mintuna za ta sake sha. Sai kuma man 'yan bumburutu, wanda ba ka san abin da ya kwana a jarkar ba, ruwa ne ko kananzir. Kuma mun ga a watan Fabrairun 2022 yadda aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima ƙasar nan. Irin wannan sinadari abokin gabar roba ne, ga shi kuwa hanyar man wannan inji kusan duk roba ce. A juye abin da ke tanki a farar gora, a ajiye ta ɗan lokaci. Idan akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, ana ganin layinsa. A ɗauraye tankin, a zuba sabon haɗi: man 2T mai kyau milimita 100 a lita 5 na fetur ga injin da aka rubuta wa 50:1, ko milimita 200 ga tsofaffin da ke son 25:1. Abin da aka haɗa kada ya wuce wata guda a ajiye.

A cikin tankin akwai filta mai ɗan nauyi a ƙarshen tiyo. A lanƙwasa waya a zaro ta. Idan ta yi baƙi ko ta yi tauri a sauya kawai, wankinta ba ya kai ko'ina. Nauyin nan nata ba banza ba ne: shi ke sa ta bi mai duk inda ya gangara idan an karkata inji. Tiyon da ya tsufa ya sandare ba ya barinta ta bi, sai ka ga inji yana aiki lafiya a tsaye, da an kwantar da shi don sare gindin bishiya ya mutu.

Shi kuma tiyon, ciwonsa iri biyu ne. Ko ya bushe ya tsage, yawanci a daidai inda ya ratso jikin tanki ko inda ya hau hancin kafireta, ko kuma ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ya manne idan famfo ya zuƙa da ƙarfi. Ga inda gyaran kafireta ke shigowa: tiyon da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba yana iya zama lafiya a wurinsa, amma ranar da aka fizge shi don a cire kafireta, ranar yake tsagewa. Sau da yawa tsagar ba ta zubar da mai a waje, don haka ido ba ya ganinta. Iska take shigarwa. Sai an lanƙwasa shi a haske, ko an toshe baki ɗaya an hura ɗayan, sannan take bayyana.

Tanki ma yana shaƙar iska ta wani ɗan bawul, don ta maye gurbin man da aka sha. Ƙurar hunturu da garin katako suna toshe shi. Alamarsa ba ta ɓuya: inji ya tashi lafiya, ya yi 'yan mintuna, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya mutu, a sassauta murfin tanki a ji iska ta shige ciki, a ja igiya ya sake tashi. Wannan ba ruwan kafireta.

Ramin da ba a lura da shi

A injin Kawu, dattijon ya cire kafiretar ya ajiye gefe, ya dangwali ɗan giris ya shafe bakin ramin numfashi, ya ce in ja igiya a hankali. Giris ɗin ya riƙa shiga yana fita. Ya ce, “Ka gani ko, samari? Inji yana numfashi. To me ya hana numfashin shiga kafireta?” Sai ya ɗago gaskit ɗin da ke tsakaninta da mazauninta. Na asalin ya yage ne wajen cirewa, sai aka yanko wani daga kwali, aka huda babban ramin tsakiya da na notuna biyu, aka shafe da gam. Ƙaramin rami na huɗu, ba a huda shi ba. Na ce, “Baba, ashe duk wahalar nan a kan wannan ɗan ramin ne?” Ya ce, “Wannan ɗaya kenan, bari mu ga sauran.”

Ban ga laifin yaron sosai ba, domin a janareta haka ake yi kuma ba a samun matsala. Can babu ramin numfashi. Amma a wannan inji kuskuren yana da fuskoki da yawa. Ana iya samun gaskit na gaske a juya shi baibai, raminsa ya faɗa gefen da babu komai. Ana iya sa shi daidai, gam ya matso ya cike ramin lokacin ɗaure noti. Wurin nan ba ya son gam ko kaɗan, a bushe ake ɗaure shi. A injinan da numfashinsu ke bi ta tiyo kuwa, tiyon yana can ƙasa kusa da zafin silinda, yana tsagewa, ko ya zame daga hancinsa lokacin da ake jijjiga kafireta, ba wanda ya gani. Idan an shafa giris bai motsa ba, to hanyar ta toshe da datti ko ta fashe a ciki.

Akwai wata alama da ke ruɗar mutane a nan. Injin da famfonsa ba ya bugawa sosai yakan iya riƙe silo, saboda zuƙar maƙogwaro kaɗai tana jawo ɗan mai, amma da an danna totur sai ya shaƙe ya mutu. Makanike ya ga haka sai ya buɗe kusar H, ya ƙara buɗewa, ba canji. Ba zai ga canji ba, don babu man da za a raba.

Idan laifin na cikin kafiretar ne

Kurakuran ɗauri kaɗan ne, amma su ake ta maimaitawa. Na farko jerin fata da gaskit. A yawancin kafiretocin Walbro da Zama, a gefen famfo fatar ce ke fara kwanciya a jikin ƙarfe, sannan gaskit, sannan murfi, domin harsunan nan biyu sai sun lafe a kan ƙarfe mai santsi suke rufewa. A gefen aunawa kuma akasin haka ne: gaskit a fara, sannan fata, sannan murfi, kuma ɗan farantin ƙarfen da ke jikin fatar ya fuskanci liba. Mutum ya haddace jeri ɗaya ya yi amfani da shi a gefe biyu, to ɗayan ya lalace. Idan gefen famfo ne, mai ba zai hau ba. Idan gefen aunawa ne, fatar za ta zauna a kan liba tana danna ta, mai ya yi ta kwarara. Tsofaffin manyan injina irin Stihl 070, mai cc kusan 106, wanda aka fara ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1960 kuma masu tsaga katako ba su rabu da shi ba har yau, kafiretarsu tana jera fatun duka a gefe ɗaya, hawa-hawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoto da waya a kowane mataki na kwancewa. Sai dai idan wani ya riga ka buɗewa, hoton kuskurensa za ka ɗauka, don haka a duba da tunani.

Kit ɗin da ake sayarwa yakan zo da fatu da gaskit fiye da waɗanda ake buƙata, don ya yi wa samfura da dama. Biyu za su yi kama kamar tagwaye, bambancinsu rami ɗaya. A ɗora sabon a kan tsohon a ɗaga su a haske kafin a jefar da komai.

Na biyu tsayin liba, kuma nan ne ake buƙatar natsuwa. Idan ta yi sama da yawa, allura ba ta rufewa sosai: fulogi ya jiƙe, salansa ta yi ta hayaƙi da ɗigar mai, inji ya ƙi tashi idan ya yi zafi. Idan ta yi ƙasa, allura ba ta buɗewa isasshe: silo lafiya, amma da sarƙa ta kama itace sai ƙarfi ya zube. Bambancin da ke tsakanin daidai da kuskure a nan bai kai milimita ɗaya ba. A wasu samfura libar tana daidaita da daɓen ɗakinta, a wasu kuma ana aunawa daga bakin ƙarfen sama, kuma kamfanonin suna da ɗan ma'aunin da suka yi don haka. Wanda ba shi da ma'aunin ya auna tsohuwar libar tana wurinta kafin ya cire, ko ma ya mayar da ita idan ba ta ci ba. Haka sifirin: ba a jan shi don ya ƙara tsawo, ba a datse shi. Idan na cikin kit ya bambanta da na asali, na asalin ya fi. A wasu samfuran kuma bakin libar yana da tsaga wadda dole ta maƙale a ƙugiyar fatar; idan an ɗora fatar a sama kawai ba a maƙala ba, obafulo ne.

Na uku shi ne wanki. 'Yar ragar nan da ke gefen famfo ana mantawa da ita, alhali can datti ke taruwa, wani lokaci kamar farin gashi da ba a gani sai an zaro ta. Sai kuma al'adar kai kafireta wurin mai faci a hura mata iskar kwamfiresa. A kafiretar babur ba laifi. A wannan kuwa akwai wani ɗan bawul siriri a bakin da mai ke fita a cikakken gudu, aikinsa hana iska komawa ɗakin aunawa lokacin silo. Iska mai ƙarfi tana yaga shi ko ta fitar da shi, kuma yawancin kit ba sa zuwa da shi. Bayan haka inji ba zai ƙara riƙe silo ba, ko me aka sauya. Tsokane ramuka da waya ko allurar ɗinki ma yana faɗaɗa su. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Akwai hanyar sanin ko an ɗaure daidai tun kafin a mayar da kafireta jikin inji. A sa tiyo a hancin shigar mai, a hura iska kusan rabin bar (ma'aunin matsin iska), a tsaya a gani ko za ta riƙe. Wanda ba shi da famfon gwaji, na'urar awon hawan jini ta hannu tana yi: idan allurar agogonta ta kai 300, iskar ta kai bar 0.4, ya isa gwajin. Idan ta tsaya cak, allura da gaskit ɗin famfo suna rufewa. Idan tana sauka, a tsoma kafiretar a ɗan fetur mai tsabta a ga inda kumfa ke fitowa. Busasshiyar allura takan ɗan yi yoyo, don haka a jiƙa ta da ɗigon mai kafin gwajin.

Ciwon da ke kashe inji

Yanzu ga abin da ya sa na ce murɗa kusoshi yana da haɗari. Wannan inji ba shi da tankin baƙin mai kamar mota. Man da ke shafa fistan da boris a cikin fetur yake tafiya. Duk abin da ya rage fetur ya rage man shafawa, ya kuma ƙara zafi. Tsohon inji yana iya shan iskar sata ta sil, wato zoben robar da ke tare iska a gefe biyu na karanshaf, ko ta robar da ta haɗa kafireta da silinda, ko ta gindin silinda, ko ta sandar totur idan ta ci. Iskar nan ba ta bi ta kafireta ba, don haka ba a auna mata mai ba.

Alamominta: silo ya yi ta hawa da kansa har sarƙa ta riƙa juyawa, a saki totur gudu ya daɗe bai sauko ba, a karkata injin gefe ƙararsa ta canza, ko kuma ka ga sai an buɗe L zagaye biyu ko uku sannan yake zama. Sau da yawa tsohuwar kafiretar ce take rufa wa wannan ciwo asiri, don an daɗe ana ƙara mata mai kaɗan-kaɗan. Da aka gyara ta aka mayar da kusoshi saitin asali, sai asiri ya tonu, mai inji kuma ya ce gyaran ne ya ɓata masa kaya. Injin da ke wannan hali yana da wata irin ƙara mai kaifi da ke burge wanda bai sani ba, har ya ce ai yanzu ya samu ƙarfi. Kada a yi yanka da shi. A toshe bakin kafireta da na salansa da roba, a hura iska kusan rabin bar ta hanyar numfashi, sannan a zuƙe iskar a gani ko zai riƙe; sil yakan riƙe hurawa amma ya gaza a zuƙa, shi ya sa ake yin duka biyun. Kafin ma a kai nan, a cire salansa a leƙa fistan ta ramin hayaƙi. Idan akwai zane-zane a tsaye a jikinsa, to an riga an makara, kuma babu kit ɗin da zai tayar da shi yadda ya kamata.

Tunda an cire salansar, a duba ko ta toshe da baƙin gawayi, musamman idan an saba haɗa fetur da baƙin man mota maimakon 2T. Toshewarta tana kama da rashin mai sak. Haka kwayil mai yanke wuta idan ya yi zafi, da iyakilinar da ƙura ta like. Masu 070 kuma su tuna yana da gwamna mai aiki da iskar fanka, wanda ke ɗan rufe cok idan gudu ya yi yawa. Idan an maƙala sandarsa ba daidai ba wajen mayar da kafireta, inji zai yi ta shaƙewa.

A injin Kawu, bayan an sa gaskit mai rami huɗu, inji ya tashi a ja na uku. Muka yi murna, dattijon bai yi ba. Ya kwantar da shi a gefe, cikin daƙiƙu kaɗan ƙararsa ta yi sama ya mutu. Tiyon mai ne ya tsage a wuyan tanki. Aka sauya shi da filtarsa, aka gwada sil suka riƙe. Sai a lokacin ya ɗauki sukundireba ya nufi kusoshin saiti.

Ya murɗa L da H ciki a hankali har suka taɓa, ba tare da matsawa ba, don tsininsu yana lalata mazauninsu, sannan ya dawo da kowacce zagaye ɗaya, wanda shi ne mafarin yawancin tsofaffin injina. Ya bar inji ya ɗumama, da sarƙarsa a ɗaure daidai, a ƙasa, ya kori yaran da suka taru kallo. Ya gyara L har totur ya riƙa amsawa ba tare da jinkiri ba, ya sauke LA har sarƙa ta tsaya. A kan H ya fi daɗewa: yana danna totur duka na daƙiƙa biyu ko uku ya saki, yana sauraro. Abin da yake nema shi ne wata 'yar gargada a muryar inji idan yana gudu ba kaya, wadda ke washewa da zarar sarƙa ta nutse a itace. Idan babu gargadar, mai ya yi kaɗan, a ƙara buɗe H. Da ya same ta sai ya jawo wani guntun maɗaci da ke bayan rumfarsa ya yanka sau uku, ya kashe inji, ya cire fulogi. Bakinsa ya fito ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara. Ya ce da Kawu idan ya gama da dalbejiyar ya sake cirewa ya duba, in ya ga ya koma fari fat ya kashe injin ya dawo masa da shi, kuma ranar da zai ajiye shi ya juye tankin, ya bar shi a silo har ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa.